'Yar Riƙo da Akwatunta Biyu

Takalmin na fara gani kafin in ga yarinyar. Ina zaune a dakalin ƙofar gidanmu bayan La'asar, da littafin yayata ɓoye cikin hijabi, sai mai babur ya tsaya a ƙofar maƙwabciyarmu. Wani dogon mutum ya sauko daga baya, sannan wata yarinya tsarata ta diro daga tsakiya. Ƙafarta ba komai, amma a ƙirjinta tana rungume da takalmin makaranta, irin mai ruwan ƙasa da maɗauri a gefe, sabo fil. Ta riƙe shi kamar wadda aka ba ajiyar ƙwai. Mutumin ya shige gaba, ita ta bi shi a baya, ko sau ɗaya bai waiwayo ya dube ta ba.

A lokacin na fara satar karatun littattafan soyayya da yayata ke karɓowa haya a kasuwa, kuma duk abin da na gani sai in sa shi cikin labari. Kafin a kira Magariba na gama tsara nata. Marainiya ce, wannan mutumin mugun kawunta ne, ya kawo ta aikatau, za ta sha wuya iya wuya, a ƙarshe wani mai farar mota ya zo ya share mata hawaye. Har na fara tausayinta. Da na ga mutumin ya fito ya hau babur ba tare da ya yi sallama da ita ba, na tabbata ban yi kuskure ba.

Na kai wa Innarmu labarin tana kwashe tuwo.

"Ubanta ne," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ƙanen Gwaggo ne, daga ƙauyensu can ƙasar Zango. 'Yar farinsa ce, ta yaya zai tsaya yana sallama da ita a bakin titi? Ke dai ba kya rasa abin faɗa."

A gidanmu an sassauta kunyar ɗan fari, shi ya sa ban gane ba. Su kuwa mutanen ƙauyen suna riƙe da ita yadda suka gada. Uba ba ya faɗin sunan 'yarsa ta fari, ba ya zama inda take zaune, ba ya nuna ya san da ita. Tun da aka yaye yarinyar tana hannun kakarta. Da kakar ta rasu, sai ya ɗauko ta ya kawo wa yayarsa riƙo, domin ita Allah bai ba ta haihuwa ba.

Duk unguwa Gwaggo ake ce wa maƙwabciyar tamu, manya da yara. Sana'ar gyaɗa take yi: ta soya, ta kai niƙa, ta matse mai, ta murza ƙuli-ƙuli. Ƙamshin gidanta har ɗakinmu, don katanga ɗaya ce tsakaninmu, gajera, wadda Innarmu ke leƙawa ta kai in tana son aron rariya ko hira. Mijinta fataucin dabbobi yake yi, yau yana kasuwar Mashi, gobe yana bakin iyaka, bai cika zama a gida ba. Sunan mahaifiyar su Gwaggo aka sa wa yarinyar, don haka Gwaggo ma ba ta iya faɗinsa. Uwata take ce mata. Mu kuma a makaranta muka sa mata 'Yar Gwaggo, sunan ya bi ta har yau.

Na daɗe ina jiran in ga azabar da littattafai suka yi mini alkawari. Sai in taka turmi in leƙa ta katanga. Abin da nake gani kullum shi ne Gwaggo a bakin murhu tana juya gyaɗa, yarinyar kuma a kan tabarma da littafin lissafi. Ba a taɓa ɗora mata talla ba. In ta miƙe za ta taya aiki, Gwaggo ta ce, "Zauna, Uwata, ki gama da masu bokon tukuna." Gwaggo ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, amma in an kawo sakamakon jarrabawa sai ta sa a karanta mata, ta ce a maimaita wajen da aka ce ta ɗaya. Na ɗan ji haushi, gaskiya. An lalata mini labari.

Muka gama firamare tare, muka shiga ƙaramar sakandare ta jeka-ka-dawo, aji ɗaya. Ni ina baya da littafin haya a cikin littafin Turanci, ita tana gaba. In an yi ruwa ba ta taka caɓi da takalmi. Sai ta cire ta riƙe a hannu, in mun kai bakin makaranta ta wanke ƙafa ta sa. Wata rana a hanya ta gaya mini abin da take so ta zama. Ranar da ciwon kakarta ya tashi, a amalanke aka ɗauko ta zuwa asibiti, ita tana biye a ƙasa, kafin su kai tsohuwar ta cika. Ta faɗi wannan kamar mai ba da labarin kasuwa, sannan ta ce aikin asibiti za ta yi, kuma a ƙauye.

Kafin a yi aikin asibiti sai an karanta kimiyya, babbar sakandaren da muke wucewa kuwa ba a koyar da ita. Hanya ɗaya ce: jarrabawar shiga makarantar kimiyya ta 'yan mata, ta kwana, wadda ake yi a ƙarshen aji uku. Mu da yawa muka zauna, har da ni, don kada a bar ni a baya. Ita kaɗai ta ci a ajinmu. Malamar lissafi ce ta faɗa a gaban kowa, ta kuma yi bayanin ƙa'ida. In an dawo hutu, uba ko uwa ko wanda ke riƙe da yarinya zai kai ta da kansa, da akwati da kayan kwana. Wadda ba a kai ba har aka rufe karɓa, za a ba wata gurbinta, don masu jira suna da yawa.

Gwaggo ta rangaɗa guɗa har sai da tattabarun gidanmu suka tashi. Ta raba ƙuli-ƙuli gida-gida. Washegari ta ba mijinta saƙo, tunda zai bi ta Zango: a gaya wa Auta yarinya ta ci jarrabawar makarantar kwana. Auta take ce wa ƙanen nata, ko da yake ya fara furfura.

Saƙo ya dawo da kaza da amsa. Mijin ya faɗe ta yana kwance igiyar ƙafar kazar. "Ya ce madalla, Allah Ya yi albarka. Ya ce yarinya ai ta Yaya ce."

Ni da na ji, na ɗauka magana ta ƙare, har na fara tsara yadda zan yi kuka ranar rabuwa. Amma Gwaggo ta yi shiru. Da shirun ya yi yawa, Innarmu ta leƙa ta katanga.

"Gwaggo, yaushe za a fara haɗa kayan ɗalibar?"

"Ai ba a ce a kai ta ba."

"Wa zai ce? Ba ya ce taki ce ba?"

"Haka zai ce mana. Yaron nan tun yana ƙarami bai taɓa musa mini ba. Da yana so, da ya ce a kai ta. Bai ce ba." Ta ci gaba da juya gyaɗa. "Amana aka ba ni. An kawo mini 'ya mace ta kwana a gabana, sai in ɗauke ta in kai ta ta kwana cikin baƙi a wani gari? In wani abu ya same ta, me zan ce wa uwarta? Kuma kin san bakin dangi. Za a ce an ba ta riƙo, ta gaji, ta tura wa gwamnati."

"To ki tambaye shi ƙarara."

"In na tambaye shi ƙarara ai na sa shi dole. Zai ce to, ko ransa ba ya so."

"Mai gidan fa, me ya ce?"

"Ya ce 'yar danginmu ce, shi ba zai sa baki ba."

Ita 'Yar Gwaggo ba ta ce komai ba. Ba ta da bakin yi wa ubanta magana, ba a taɓa yi ba. Ba ta kuma iya kallon matar da ta hana ta talla ta ce, ina so in tafi in bar ki ke kaɗai a gida. Ni take gaya wa, in mun je ɗebo ruwa a famfo. Ni kuma na kawo mata duk maganin da na sani.

"Ki daina cin abinci," na ce. "A duk littafin da na karanta, in yarinya ta daina cin abinci sai a kai ta asibiti, likita ya fito ya cire tabarau ya ce damuwa ce, kowa ya yi nadama."

"In na daina ci, Gwaggo ma dainawa za ta yi. Ita za a kai asibitin."

"To ki suma."

"Ke ki suma mini. Kin fi ni iyawa."

"Ko kuma wani mai hali ya ji labarinki, ya zo."

"Mai farar motar?" Na taɓa gaya mata labarin da na tsara ranar zuwanta, ba ta kuma daina tsokanata da shi ba. "Tun muna firamare yake hanya. Hala mai ne ya ƙare masa a Kazaure."

Muka yi dariya har ruwa ya zubo mana a wuya. Da muka kusa gida ta rage murya ta ce, "Ni dai da wani zai ce kawai a kai ta. Ko wane ne."

Da hutu ya kusa ƙarewa, malamar lissafi ta zo har gida. Gwaggo ta shimfiɗa mata tabarma, ta dama mata fura. Ni ina kan turmi a bayan katanga.

"Gwaggo," in ji malamar, "a wajen makaranta ke ce mai ita. Wanda yaro ke hannunsa, yake ci da shi, yake sha da shi, yana da ikon kai shi makaranta. Ba wanda zai tambaye ki ko ke kika haife ta. Gurbin nan kuma haƙƙin yarinyar ne, ita ta zauna ta ci da kanta, ba alfarma aka yi mata ba."

"Na ji, Malama, Allah Ya saka. Amma makaranta ce ta yarda da ni. Ba makaranta ce ta haife ta ba."

"To a kira wanda ya haife ta."

Akwai mai shago a ƙauyen da ake kiran wayarsa, shi kuma ya aika a kirawo mutum. Malamar ta kira, aka jira, ta sake kira, sannan ta buɗe muryar wayar ta miƙa wa Gwaggo. Aka yi gaisuwa mai tsawo: ya damina, ya gero, ya mai ɗaki, ya yara, ya jikin wane. Sai can Gwaggo ta zo kan magana.

"Auta, ga malamar su Uwata ta zo kan maganar makarantar nan."

"To, Yaya."

"Ta ce lokaci ya kusa."

"To, Yaya. Duk yadda kika gani."

"A'a, yadda ka gani dai."

"Ni ina da gani a kan abin da ke hannunki, Yaya?"

Malamar ta karɓi wayar. "Malam, tambaya ɗaya ce. A kai ta, ko kada a kai ta?"

Ta wayar har ina jin kukan akuya daga can ƙauyen. Sannan uban ya ce, "Malama, ki yi haƙuri. Ina da yaya a raye. Sai abin da ta ce."

Da aka kashe waya Gwaggo ta ce, "Kin ji ko? Bai ce ba."

"Ke ma ba ki ce ba," in ji malamar.

Gwaggo ta tashi ta ɗura mata man gyaɗa a kwalba, ta raka ta har zaure.

Aka koma makaranta, aka rufe karɓa. Muka ji an ba wata yarinya gurbin. 'Yar Gwaggo ta shigo babbar sakandare tare da ni, ajin adabi da tarihi, ta zauna kusa da ni a baya. Ba ta yi kuka a gabana ba, ba ta daina gaishe da Gwaggo da durƙuso ba, ba ta daina cin abinci ba. Abu ɗaya na lura da shi. Ta roƙe ni aron littafin haya. Ta karanta shi a cikin aji, ta dawo mini da shi, ta ce in ba ta wani. Shekaru ina so ta karanta su don in samu abokiyar hira, amma ranar da ta fara ban ji daɗi ba.

Da kaka ta yi, uban ya zo da gero da gyaɗa kamar yadda yake kawowa duk shekara. Ya tarar da Gwaggo kwance da zazzaɓi, don haka maimakon ya tsaya a tsakar gida sai aka shigo da shi har ɗaki. Innarmu tana ciki tana jinya, ni kuma na kawo kunu. 'Yar Gwaggo tana jin sallamarsa ta fice madafa. Innarmu ta ce in jawo sabuwar tabarma a ƙarƙashin gado in shimfiɗa wa baƙo. Na durƙusa na ja, tabarmar ta maƙale. Na ƙara ja da ƙarfi, sai ga akwati ya biyo ta. Na ƙarfe ne, kore, an zana masa jajayen furanni, ko kwaɗo ba a sa masa ba tukuna. Ya bugi ƙafar gado, murfin ya ɗage. Fararen zannuwan gado ne a ciki, da gidan sauro, da kwano da cokali, da sabulai, a sama kuma sabon takalmin makaranta mai ruwan ƙasa.

"Mayar," in ji Gwaggo, amma muryar ba ƙarfi.

Uban yana tsugune a bakin ƙofa. Ya daɗe yana kallon akwatin.

"Yaya, wannan fa?"

"Kayan Uwata ne." Ta juya fuska bango. "Tun ranar da sakamako ya fito na fara tarawa. Ina jira ka ce a kai ta."

Ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar.

"Nawa baƙi ne," ya ce.

"Naka me?"

"Akwatin. Ranar da saƙonki ya zo na kai rago kasuwa. Yana can a ɗakin uwar yara, an lulluɓe shi da buhu, da katifa a kai. Ina jira ki aiko a kawo."

Gwaggo, wadda tun safe ba ta iya ɗaga kai ba, ta tashi zaune.

"Kana da baki ka kasa cewa a kai ta?"

"Yaya, in ce ki rabu da ita? Ita kaɗai gare ki a gidan nan, mai gida ba ya zama. In na ce a kai ta makarantar kwana, ai kamar na zo karɓar abin da na ba ki ne. Me zan ce wa dangi?"

"Dangi suna ina lokacin da nake goya ka? Ni na yi maka wanka, ni na cire maka ƙaya, yau ni kake yi wa kara?"

"Ke kika fara yi mini."

"Ka ji shi. Kan nan naka tun kana yaro ba ya ja."

Innarmu ta ajiye kwanon kunu. "Ku biyu kun sayi akwati biyu," ta ce, "yarinya tana can bayan aji tana karanta littattafan 'yata. Kun jira juna, kun ji tsoron dangin da ba sa nan. Akwai wanda ya tambaye ta?"

Sai ranar na san Innarmu ta san da littattafan.

Aka ce in kira ta. Ta zo ta tsaya a bayan labule, tunda ubanta yana ciki. Ƙafafunta kawai muke gani.

"Uwata," in ji Gwaggo, "kina son makarantar nan?"

"Ina so."

Ba ta yi jinkiri ba, ba ta kuma ƙara komai ba. Uban ya dubi ƙasa, ya ce wa daɓen ɗakin, "To, a kai ta."

"A kai ta," in ji Gwaggo.

A littafi, nan ne labari ke ƙarewa. Amma an riga an rufe karɓa. Da Gwaggo ta warke, ita da ƙanenta da malamar lissafi suka hau mota suka je makarantar. An karɓe su da mutunci, an kuma gaya musu gaskiya: gurbi ya tafi, mai shi tana aji, ba za a tashe ta ba. Abin da ya rage shi ne yarinyar ta koma aji uku, ta sake zama jarrabawar baɗi. Wannan karon ba su tsaya jiran juna ba. Suna dawowa Gwaggo ta kira ta ta tambaye ta. Ta ce za ta koma.

Ta koma cikin ƙannenmu, ta fi kowa tsawo a layi. Suka sa mata Uwar Aji. In malami ya makara sai su ce ta tashi ta koya musu, ita kuma ta tashi. Littafina na ƙarshe da ke hannunta ta dawo mini da shi da tsinke a tsakiya, inda ta tsaya.

"Ba za ki ji ƙarshen ba?"

"Ya aure ta, ko?"

"Ya aure ta."

"To na ji."

Ta sake ci. Ranar tafiya uban ya iso da baƙin akwatinsa ɗaure a bayan babur, da katifa a naɗe. Aka ɗora duka biyu a saman motar haya, na raka su. A ƙofar makarantar, matar da ke kula da ɗakunan kwana ta dubi kayan ta ce akwati ɗaya ake shiga da shi, babu wurin ajiye biyu.

"A shiga da na Yaya," in ji uban.

"A'a, a shiga da na ubanta."

"Naki ya fi kyau."

"Naka ya fi ƙwari."

Direba ya fara danna hon. 'Yar Gwaggo ta dubi akwatunan, ba ta dubi kowa ba. Ta durƙusa nan bakin ƙofa ta buɗe duka biyun, ta kwashe kayan baƙin ta danna cikin koren, ta hau kai ta zauna har ya rufu, ta cire kwaɗon baƙin ta sa wa koren. Sannan ta tura baƙin gefe ta ce, tana kallon ƙasa, "Wannan a ajiye mini."

Ban taɓa jin ta yi magana a gaban ubanta ba labule ba sai ranar. Shi kuma ya sunkuya ya ɗora koren akwatin a kansa, ya kai shi har inda aka ce maza su tsaya. A hanyar dawowa baƙin akwatin yana ta ƙara a saman mota, tunda ba komai a ciki. Gwaggo tana share ido da gefen mayafi, ƙanenta yana kallon gonaki ta taga yana cewa geron nan ya fi nasu tsawo. Kukan da na daɗe ina tsarawa bai zo ba sai da na shiga gida, na leƙa ta katanga, na ga tabarmarta a naɗe.

Ni na yi aure a nan Daura, har yanzu kuma ina karanta littattafaina, sai dai yanzu a waya. Ita ta gama, ta yi makarantar ungozoma, aka tura ta wani ƙaramin asibiti a wajen garin Babban Mutum, ta yi aure a can. Da mijin Gwaggo ya rasu, 'Yar Gwaggo ta zo ta ɗauke ta da kayanta, har da baƙin akwatin.

Shekarun baya ƙanen 'Yar Gwaggo ya kawo mata 'yarsa ta fari riƙo. Na je gaishe su sai na tarar da zancen. Ba ta bar shi ya ajiye yarinya ya tafi ba. Ta zaunar da shi a gaban mijinta da Gwaggo.

"Karatunta a hannun wa yake?"

"Haba Yaya, ai yarinya taki ce."

"Na taɓa jin wannan. In ta ci makarantar kwana, in kai ta, ko in aiko a tambaye ka?"

Ya yi ta murza hula. "Ki kai ta."

"Ƙara faɗa. Gwaggo ba ta ji sosai yanzu."

Ya ƙara faɗa da ƙarfi, har Gwaggo ta ce ai ba kurma ba ce ita. Daga baya wasu cikin dangi suka ce asibiti ya cire mata kunya, wa ya taɓa ganin an karɓi riƙo da sharaɗi. An gaya mata, ta ce ta ji.

Har yanzu tana wannan asibitin. An so mayar da ita cikin gari, ta ce a bar ta. Yarinyar tana firamare, an ce ita ma da lissafi. Zuwana na ƙarshe na tambaye ta baƙin akwatin. Ta ce yana nan ƙarƙashin gado, ta sa an kankare tsatsar an sake masa fenti, amma ba ta sa komai a ciki ba tukuna. Ta ce sai ta fara tambayar yarinyar, mai shi.